Ranar da Na Wanke Tsohuwa

Ajiye tsumman nan, Bilkisu. Na ce ki ajiye! Ku dube ta, ta riƙe shi da yatsu biyu tana kau da hanci, sai ka ce mataccen ɓera ta tsinto. Da ban leƙo ba da tuni yana cikin bokitin wanki, ko ba haka ba? To, nemi wuri ki zauna. Ku ma sauran ku matso, tunda jiya da kunnena na ji kuna cewa wai yin daddawa ba sana'a ba ce, wai tafasa kalwa ne kawai a rufe, a tafi a bar ta ta ruɓe da kanta. Kayya! Bakin da bai taɓa hura wutar kalwa ba, ai komai ma zai faɗa.

Ni a hannun surukata na koya, mahaifiyar kakanku, wadda kowa ke kira Inna. An kawo ni gidanta a wani ƙauye na ƙasar Badafi 'yan shekaru kafin a samu mulkin kai, lokacin da maza ke ta zancen zaɓe a gindin bishiya. Gajeriya ce, ƙafarta ɗaya na ciwo, hannuwanta sun yi kanta saboda taɓarya. Ba ta koyarwa da baki. In kin tambaye ta dalilin abu sai ta ce, "Ido gare ki, ko?" Magana ɗaya ce ta faɗa mini ƙarara tun kwanana na fari, ranar da na ce, "Inna, kalwar ta ruɓe." Ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, a gidan nan gawa ce ke ruɓa. Daddawa nuna take yi." Daga ranar ban sake ba, kuma ku ma kada in sake jin kalmar a bakinku.

Aikin da bazara yake farawa, in ɗorawa ta nuna. Maza su hau da ƙugiya suna kaɗowa, mu muna ƙasa muna tarawa a masaki, wuya ya yi ta ciwo don ɗaga kai. A gida a ɓare. Garin nan rawaya na yara ne da kunu, ɓawon a ajiye don makuba ta daɓen ɗaki, 'ya'yan kuma su ne kalwa, su ne dukiyar. A kai su rafi a wanke, a shanya su bushe ƙayau, a zuba a randa da 'yar toka don kada ƙwari su shiga. Abin da mace ta tara a waɗannan makonni shi za ta ci har wata bazarar. Inna kan san kowace ɗorawa ta karkararmu, ta san wadda kalwarta ke da mai da wadda ke da ɗaci, har tana gaya wa masu gonar abin da ba su sani ba game da bishiyarsu.

Dahuwar farko ita ke raba mai son sana'a da mai son gani. Ku ɗauki ƙwayar kalwa ɗaya ku ciza ku gani, in haƙorinku ya dawo lafiya ku gode wa Allah. Babbar tukunyar ƙasa ake ɗorawa tun hantsi, a tura mata kututturen ice, ba za a sauke ba sai hantsin gobe. Ruwa ya ƙone a ƙara, kuma mai zafi ake ƙarawa, akwai ƙaramar tukunya a gefe don haka. Ran da na yi ƙyuya na zuba na sanyi daga tulu, Inna ta ji ƙarar daga cikin ɗaki ta ce, "Kin firgita ta." Wallahi kuwa sai da ta ƙara mana rabin yini kafin ta yi laushi. Da ake cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, ni ina ganin mai daddawa ce ta fara faɗa. Sai kin matsa ƙwaya tsakanin yatsunki ɓawon ya zame, sannan a sauke.

Daga nan sai turmi. A zuba kalwar da ɗan rairayi, a riƙa surfawa a hankali, don ɓawon ake so ya fita, ba dakan gari ake yi ba. Hannu ya yi nauyi ki farfasa ta, ya yi sanyi ki bar ɓawo. A ɗauka zuwa rafi da gwagwa, wato ƙwaryar nan mai huda-huda, a tsaya cikin ruwa ana girgizawa, ɓawo na tashi yana bin ruwa, wankakkiyar kalwa na zama a ƙasa. Sannan a zauna a tsince ɗaya bayan ɗaya. Inna ba ta yafe ko ƙwaya guda da ta yi baƙi. Takan ɗaga ta ta nuna mini, ta jefar. A sake dafawa da 'yar kanwa, wannan karon ba a daɗewa, a tsiyaye ruwan, tun tana tururi a juye ta a kwando.

To, a nan ne Tsohuwa ke shigowa. Tsohuwa sunan kwandon Inna ne da tsumman da ake rufe shi da shi. Kwandon ya yi baƙi ƙirin, ya yi maiƙo, tsumman kuwa wani tsohon saƙi ne da ba ki iya gane asalin launinsa. A shimfiɗa ganyen kalgo a ciki, a juye kalwa, a barbaɗa 'yar toka, a rufe da tsumman, a danne da faifai, a lulluɓe da buhuna a kusurwar ɗan ɗakin da babu taga. Kwana uku ba mai ɗagawa. Ran na uku in kin sa hannu ki ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, in kin buɗe warin ya bugi idonki har ƙwalla, ki ɗebo ki ga yauƙi yana bin yatsa. Ta nuna ke nan. Sai daka, da dunƙulawa, da lallatsawa a tafin hannu, da shanya a tabarma har ta yi baƙi. Duk sauran aikin Inna ta sakar mini cikin shekara biyu, amma Tsohuwa ita kaɗai ke taɓa ta. In an gama ta kakkaɓe ta, ta rataye a ɗakin, ta ja ƙyaure. Ni kuwa na ɗauka raini ne, na ɗauka tana ganin ban isa ba.

Masu saye ba irin da babu. Ranar kasuwa faifanmu ke fara ƙarewa, mata na tahowa daga Ɗansoshiya suna tambayar ta Inna da suna. Duk gidan da aka haihu sai an aiko, don yajin mai jego da miyarta. Tsofaffin da cikinsu ke kumbura in sun ci tuwo, su ma a ce a sa musu ita da yawa a miya. Fatake masu bin hanyar Tudun Wada su saya su ƙulle a jaka, don ba ta lalacewa. Akwai kuma Hari, wata Bafulatana da rugarsu ke bayan rafinmu, ita ba saye take ba, musaya suke da Inna, ta kawo kindirmo ta tafi da daddawa. In suka zauna, ɗaya na yi wa ɗaya tsiya. Hari ta ce, "Ke dai sana'arki wari." Inna ta ce, "Taki kuma tsami." Su yi ta dariya, kowacce ta san ɗayar gwana ce.

Inna tana da wani zance da take yawan yi. Takan ce abincin da ya kwana ya nuna, irin su daddawa da nono da gasarar koko, ya riga ya yi rabin aikin da ciki zai yi, shi ya sa yake zama lafiya a cikin tsoho da mara lafiya. Takan ce kuma in ciki bai kwanta ba hankali ba ya kwanciya. Ke Bilkisu da kike makarantar koyon aikin lafiya, kwanan baya kin zo kina ba ni labari wai yanzu ana koya muku cewa ciki da ƙwaƙwalwa suna da alaƙa, wai irin wannan abinci yana iya taimaka wa masu ciwon suga da masu damuwa. Na ce to, madalla, boko ya iso inda Inna ta tsaya. Ni ban san karatu ba, kuma ban ce daddawa magani ba ce, wanda ba shi da lafiya ya tafi asibiti. Abin da idona ya gani shi zan faɗa muku.

Shekarar da ba na mantawa ita ce shekarata ta uku a gidan. Ɗorawa na tsakiyar fure aka yi wata iska mai ƙarfi kwana biyu, ta karkaɗe furen kaf. Da bazara ta zo, bishiyar da kan cika masaki goma ba ta cika ɗaya ba. Mata da yawa suka koma yin daddawar batso da gurguzun yakuwa. Mu abin da muka tara bai kai rabin randa ba. Wannan kaɗai da da sauƙi. A ranin nan kakanku ya tafi cin rani wajen haƙar kuza a duwatsun Riruwai, shi da wani abokinsa da suka taso tare tun suna yara. Rami ya rufta da su biyun. Shi aka jawo shi da rai, abokin kuwa sai gawarsa. 'Yan garinmu suka kawo shi a kan jaki, babu karaya a jikinsa ko ɗaya, amma mutumin da ya tafi ba shi ne ya dawo ba.

Ba hauka ya yi ba, kada ku ɗauka haka. Ba ya duka, ba ya ihu, lokacin salla in an kawo masa buta zai yi alwala ya yi. Magana ce dai ya daina, ɗif. Ya zauna a kan tabarma ya fuskanci bango, a gaishe shi ba ya amsawa. Kakanku fa, mutumin da in yana gona ana jin waƙarsa daga rafi! Abinci kuma ya ƙi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne. Inna ba ta yi musu da kowa ba, ta karɓo rubutu, ta sa malamai addu'a, duk ta yi. Amma takan ce, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In bai ci ba, da me zai warke?" Ta gwada masa komai, sai ta gano abu biyu da yake karɓa. Ludayi biyu na kindirmon Hari da safe, sai loma uku ko huɗu na tuwon dawa da yamma, in dai miyar kuka ce da daddawar Inna, sabuwar fitowa daga kwando. Zai fara sunsunawa tukun. In ya ji warin da ya sani tun yana goye, sai ya sa hannu. Waɗannan lomomi su suka riƙe ransa. Nan take Inna ta daina kai daddawa kasuwa, ta ce sauran kalwar ta ɗanta ce. Muka riƙa dafawa kaɗan-kaɗan, har damina ta yi tsakiya, ya rage mana abin dahuwa biyu kacal.

Ranar da na yi ɓarnar, Inna ta tafi gaisuwar mutuwa a ƙauyen da ke gaba da mu. Wata maƙwabciya da ta taɓa zama a birni ta shigo duba mara lafiya, ta toshe hanci ta ce, "Haba, wannan warin ma ai ya isa ya hana mutum warkewa. A birni mara lafiya tsabta ake yi masa." Maganar ta shige ni. Na ce a raina yau zan nuna wa Inna ni ma na san abin da ya dace. Na buɗe ɗakin, na sauko da Tsohuwa, na tafasa ruwa na kwarara mata. Na sa soso da sabulun salo na dirje kwandon har sai da launin kabarsa ya fito. Tsumman kuwa ruwa biyar na canja masa. Rana ta fito ranar, na shanya su a kan danga, na koma gefe ina kallonsu ina jin daɗi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da la'asar Inna ta shigo tana jan ƙafarta. Ta tsaya a bakin danga. Ta daɗe a tsaye. Ta ɗauki tsumman ta kai hancinta, ta sake kaiwa. Na matso ina jiran yabo.

Ta ce, "Kin yi wanki."

Na ce, "Na yi, Inna."

Ta ce, "Sannu da aiki."

Shi ke nan abin da ta ce. Ta shiga ɗakinta, ko tuwo ba ta ci ba ranar. Wallahi da ta ɗauki muciya ta dake ni da ya fi mini sauƙi, don a fuskarta na gane na kashe wani abu, ban dai san mene ne ba.

Dole muka dafa ɗaya daga cikin biyun da suka rage, muka zuba a wankakken kwando. Ran na uku babu ɗumi. Muka ƙara kwana. Da muka buɗe, wani gefe ya yi tsami, wani gefe yana nan da taurinsa, yauƙin babu. Inna ta tsinci inda ya fi dama ta yi miya. Na kai masa, na durƙusa na ajiye. Ya ɗauki kwanon ya sunsuna, ya ajiye, ya tura shi da bayan hannu, ya koma ya fuskanci bango. Inna ta aika aka sayo ta wasu, ya ƙi. Aka kawo ta batso, ko kallo ba ta ishe shi ba. Kwana huɗu babu tuwo a cikinsa, sai ɗan kindirmon nan, shi ma ya koma ludayi ɗaya. Ran na biyar sai da aka riƙe shi ya tashi yin alwala. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don na san in ya mutu hannuna ne.

Hari ce ta same ni a bayan gida ina kuka, ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Ke amaryar Inna, wa ya mutu?" Na gaya mata komai. Ta riƙe haɓa ta ce, "Assha! Kin wanke iri." Na ce wane iri? Ta ce, "Ke kina tsammani madara da kanta take zama kindirmo mai daɗi? Kullum sai na rage ɗan na jiya na zuba a na yau. Na jiya ke koya wa na yau. Abin da kika ga kamar dauɗa a jikin kwandon nan, shi ne na jiyan Inna, da na uwarta." Na ce to yanzu shi ke nan, ya tafi? Ta ce, "Mu in nono ya mutu a hannun mace, wajen wadda ta taɓa ba wa iri take zuwa. Tambayi surukarki wa ta taɓa ba wa."

Na shiga na durƙusa gaban Inna, na tambaye ta. Ta ce duk macen da ta gama koyo a hannunta takan yaga mata gefen tsumman ta tafi da shi, kamar yadda uwarta ta yaga mata. Su biyu ne. Ɗaya ta rasu. Ɗayar Yalwa ce, tana aure a Dangora. Ta ce, "Amma shekara bakwai ke nan ba ma gaisawa. Na same ta a kasuwa tana sayar da wadda ba ta gama nuna ba, na kifar mata da faifai a gaban mutane, na ce wannan ba hannuna ba ne. Da wace fuska zan aika mata?" Na ce, "Inna, ni ba ni da fuskar da zan ɓata. Ki bar ni in je."

Da sassafe Hari da 'yan uwanta masu kai nono kasuwar Dangora suka ƙetaro gidanmu suka ɗauke ni. Ruwa ya sauka kwana biyu kafin nan, rafi ya kawo, muka haye ruwa har ƙirji, su da ƙorensu a ka, suna riƙe da ni ta hagu da dama suna yi mini dariya wai Bahaushiya tsoron ruwa. Kafin in tafi Inna ta riga ta ɗora tukunyar ƙarshe a wuta. Na gane ma'anar. In ban dawo da shi kafin a juye ba, kalwar gidanmu ta ƙare.

Gidan Yalwa ba sai na tambaya sau biyu ba, hancina ya kai ni. Na yi sallama, na gaishe ta, na ce ni surukar Inna ce ta Badafi. Fuskarta ta canja. Doguwa ce, mai kaurin murya, ta ce, "Lafiya? Ko ta aiko ki ki duba ko tawa ta nuna?" Na durƙusa na faɗa mata gaskiya tun daga ramin kuza har zuwa sabulun salo, ban rage komai ba. Da na zo kan wankin sai ta dafe kai ta ce, "Ruwa biyar? Tabɗi! Ke kam kin iya wanki." Ta shiga ɗan ɗakinta, ta fito da nata tsumman, baƙi, mai maiƙo, mai wannan warin na gidanmu sak. Ta sa haƙori ta fara shi, ta yage shi gida biyu, ta miƙo mini babban. Na ce, "Goggo, ƙaramin ma ya isa." Ta ce, "Nata ne ai, aro ta ba ni. Ki gaya mata tun ranar da ta kifar mini da faifai ban sake buɗe kwando kafin kwana uku ba. Ki ce ina gaishe ta, ina gaida ƙanena." Ta naɗe shi a ganye, ta sa a ƙwarya, ta kife da wata, ta ce ko ni zan jiƙe kada shi ya jiƙe.

Na kwana a rugar su Hari don rafin ya ƙara cika da yamma, da gari ya waye na haye. Na iso Inna na tsiyaye dahuwa ta biyu, tururi na tashi. Na miƙa mata ƙwaryar. Ta buɗe, ta kai hanci, ta rufe ido. Na isar mata da saƙon Yalwa kalma-kalma. Ta ce, "Ja'ira." Amma da gefen zanenta ta goge ido. Ta shimfiɗa ganye, ta goga tsumman a cikin kwandon ko'ina, muka juye kalwa, ta rufe da shi, ta ɗora wanda na wanke a kai don ya koya, muka lulluɓe da buhuna.

Kwana ukun nan ban san yadda suka wuce ba. Ran na biyu na faki idon Inna na sa tafin hannuna a kan buhun, na ji ɗumi. Na fito da gudu zan faɗa mata, na tarar tana kallona tana cewa, "Na riga ki." Ran na uku da hantsi ta ɗaga faifan, warin ya fito ya cika tsakar gida har ƙwalla ta zubo mana, yauƙi na bin yatsa kamar zare. Ba ta jira shanya ba. Ta daka 'yar kaɗan, ta kaɗa miyar kuka da kanta, na tuƙa tuwo mai laushi. Muka shiga tare, na ajiye a gabansa.

Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya juyo daga bango, ya jawo kwanon, ya sunsuna. Ya gutsuri loma ya kai baki. Ya sake. Ina ƙirgawa a raina, uku, huɗu, biyar. Ya wuce inda ya saba tsayawa, ya ci har ya ga gindin kwano, ya suɗe yatsunsa. Sai ya ɗago kai ya dubi uwarsa, da wata murya da ta dushe don rashin amfani, ya ce, "Inna, wa ya wanke Tsohuwa?"

Wata huɗu ke nan ba mu ji muryarsa ba. Ashe yana nan ciki duk tsawon lokacin, yana jin komai, har bambancin miya ya gane. Ni na sunkuyar da kai, ina jiran ta nuna ni. Inna ta ce, "Wadda ta wanke ta, ita ta haye rafi ta dawo da ita. Za ka ƙara ne ko in ɗauke kwanon?" Ya ce, "A ƙara."

Ba ranar ya warke ba, kada in yi muku ƙarya. Sai da kaka ta yi sannan ya fara fita gona, ana ta addu'a, Hari na ta kawo kindirmo, maganar na dawowa kaɗan-kaɗan. Har ya tsufa, wani lokaci shirun nan yakan ziyarce shi kwana biyu ya tafi. Amma ya rayu, ya haifi iyayenku, kuma har ya bar duniya bai taɓa cin miyar da babu daddawar gidan nan ba. Da ruwa ya ɗauke, Inna ta hau jaki da ƙafarta mai ciwo ta je Dangora da kanta. Da ta dawo ta kira ni ɗan ɗakin, ta sauko da tsumman, ta sa haƙori ta yaga, ta miƙa mini gefe. Ta ce, "Da na gaya miki dalili tun farko, da ba ki wanke ba. Laifin namu ne mu biyu." Ban taɓa jin ta ba wa kowa haƙuri ba sai ranar, shi ma iyakarsa ke nan.

Shi ya sa ni nake gaya muku da baki, ba na jira ku gane da ido. Wancan saƙin ya daɗe da cinyewa, amma duk sabon ƙyallen da zan sa sai ya kwana da tsohon a kwando sau da yawa kafin in yar da tsohon. Don haka abin da ke jikin wannan, daga na Yalwa yake, na Yalwa daga na Inna, na Inna daga na uwarta da ban taɓa gani ba. Da bai zo gidan nan ba, Bilkisu, da babu ubanki, balle ke da makarantarki.

To, ɗauko shi ki miƙo mini. Haƙorana sun ƙare, ke za ki fara yaga mana shi. A'a, ba da yatsu biyu ba. Da hannu biyu.